Ranar da Goggo ta shiga talabijin

Ni nake riƙe kyamara ta biyu a shirin muhawarar siyasa na yammacin Asabar, kuma ni na ba da sunan Goggo, ƙanwar babana, wadda ta shekara ashirin da shida tana aikin ungozoma. Za a tattauna gyaran asibitoci, ana neman mace guda.

Tun a ɗakin kwalliya nake roƙonta.

"Goggo, don Allah ban da 'wataƙila' da 'ku yi haƙuri'. Matan da ke zuwa nan da haka suke farawa, kafin su kai ga magana an katse su."

"To su mazan fa?"

"Su ma kewaye-kewaye suke yi. Sai dai nasu na jifa ne: 'wasu mutane', 'sun san kansu'."

Ta gyara ɗankwalinta kawai.

Jar fitilar kyamara ta kama, aka fara shiri. Kakakin jam'iyya mai mulki ya ce an gyara kowane asibiti, wasu ne ba sa son gani. Na adawa ya ce akwai waɗanda kunya ta ƙaurace musu. Minti goma sha biyu ba wanda ya kama sunan wani. Sannan mai gabatarwa ya juyo ga Goggo.

"Ranka ya daɗe, ka yi haƙuri," ta ce wa kakakin. "Wataƙila idona ne ya tsufa. Asibitin namu da aka gyara, ta wace ƙofa ake shigarsa? Don ta wadda nake bi kullum, in ana ruwa bokiti uku muke tarawa a ɗakin haihuwa."

Mai kula da sauti ya toshe bakinsa da hula. Ta na'urar da ke kunnena darakta na ihu: "Kyamara biyu, matso da fuskarta! Matso!"

Kakakin ya yi tari. "Hajiya, wasu ne ke zuga ku."

"Ayya. Su wa ke nan, ɗana? Faɗa mini in je in gaishe su."

Na adawa ya tuntsire da dariya. Goggo ta dube shi a hankali.

"Kai ma lokacinku, ina jin bokiti biyu ne, ko na manta?"

Da ƙyar na tsayar da hoton. Wayoyin masu kira suka cika allon darakta.

Ana rufe shiri darakta ya sauko da gudu, yana cewa ta dawo mako mai zuwa.

"Sai na duba jadawalin aiki," in ji Goggo. Ta miƙo mini wuyan rigarta inda aka maƙala mata makirfo. "Ke, cire mini wannan abin, yana ja mini mayafi."