Malam Maitama da Motar Torino

Malam Maitama ya yi wata biyu a garin Wheaton na Amurka, a gidan 'yarsa Juwairiyya, kuma zaman ya fara isarsa. Ya zo ganin jika ne daga Kano, inda ya shekara arba'in yana bugun jikin mota a Ƙofar Ruwa. A nan kuwa aikinsa bai wuce leƙen titi ta taga ba.

Juwairiyya nas ce, tana kula da wani dattijo mai shekara casa'in a Northwest Washington, sunansa Mista Jerome. Wata ranar Talata ta dawo da rana tsaka, ko jakarta ba ta ajiye ba ta ce mahaifinta ya sa takalmi, akwai abin da za ta nuna masa. A hanya ta ba shi labari. Iska ta karya reshen bishiya ya faɗa kan garejin dattijon, ya lotsa wata tsohuwar mota da ke ciki, kuma tun ranar dattijon ya daina cin abinci sosai. Masu gyara uku sun zo, kowa ya ce sai dai a cike wurin da fila a shafa fenti. Shi kuma ya kore su.

Da aka yaye tamfol ɗin da aka rufe motar da shi, Malam Maitama ya tsaya cak. Mota ce doguwa, mai ƙofa biyu, shuɗiya kamar ruwan rini, rufinta ya sulale baya har ƙasa ba tare da kusurwa ko ɗaya ba. Mista Jerome ya dogara da sandarsa yana bayani, Juwairiyya tana fassarawa. Ya ce yana saurayi ya yi aikin zane a wani kamfanin mota a Detroit. Su suka zana ta, suka sa mata injin Amurka, aka tura ta Torino ta jirgin ruwa, maƙeran Italiya suka buga mata jiki da hannu. Guda ɗaya tak aka yi, don nuni kawai. Da aka gama yawon nuna ta aka ce a murƙushe ta, shi ya yi ta roƙo har aka bar masa.

Malam Maitama bai jira ƙarshen fassarar ba. Ya durƙusa, ya zura hannu ƙarƙashin kafaɗar motar, ya shafa cikin alminiyam ɗin, sai ya fashe da dariya.

"Juwairiyya, gaya masa na ji sawun gudumarsu. Mutum biyu ne suka yi wannan gefen, kuma ɗayan bahago ne."

Dattijon ya zaro ido. Ya ce shi bai taɓa zuwa Torino ba, amma hagu da daman motar ba su taɓa zama daidai ba, kuma shekara saba'in yana mamakin dalili.

Washegari suka je Landover, wurin wani makanike ɗan Jos mai suna Longji, suka aro guduma uku. Malam Maitama ya ƙi dukkansu sai ɗaya, ya sa aka samo masa guntun katako ya sassaƙa wata da kansa, ya cika jakar fata da yashi don tokare ƙarfen in yana bugu. Kwana tara ya yi yana aiki. Yakan ɗumama ƙarfen kaɗan, ya buga a hankali daga ciki, ya rufe ido ya shafa, ya sake bugawa. Mista Jerome ya sa aka kawo masa kujera garejin. Ba mai jin yaren wani, amma Juwairiyya ta sha tarar da su suna gardama da hannu kan yadda layin kafaɗar zai sauka. A nan dattijon ya koma cin abinci, har yana cinye dambun naman da aka kawo wa mai aikin.

Ranar Asabar da safe, bayan Longji ya gama fenti, suka tayar da motar. Injin ya yi tari sau biyu, ya kama da wani gurnani da ya sa maƙwabta fitowa. Juwairiyya ce ta tuƙa, tsofaffin biyu sun matsu a gefenta. A kowace danja mutane na ɗaga waya, wani direban bas har ya buga musu hon.

A filin da masu tsofaffin motoci ke taruwa duk Asabar, jama'a suka bar nasu suka kewaye motar. Mista Jerome ya ce duk wanda ya nuna inda aka gyara, ya shiga ya zauna a ciki. Suka yi ta shafawa suna leƙe, ba wanda ya gano. Wani mai furfura ya matso ya ce yana da wata ta Italiya da ƙofarta ta lanƙwashe, ko mai gyaran zai duba masa?

Juwairiyya ta ce, "Baba, jirginka na komawa Kano fa ranar Alhamis ne."

Malam Maitama ya gyara zaman hularsa. "To ki ce ya kawo ta Litinin da sassafe."