Sun Bar Ilarie a Bakin Ƙofa

"Cire hannunka, Baba Ilarie, kada sarƙa ta datse ka."

Costel ne ya faɗi haka, mataimakin magajin gari, yana tsaye ƙarƙashin lema, ma'aikatansa biyu na zura sarƙa a ƙofar cocin. Ilarie bai cire ba. Da silifas ya fito daga gida, ko hula babu, ruwan sama na gangara masa a wuya. Ni kuwa daga kasuwa nake, na tarar da su.

"Bokitaina na tarar yoyon rufi suna ciki," in ji Ilarie. "Idan ba a zubar da su ba kafin rana ta raba, za su malale a kan dakalin addu'a."

"Takarda ce daga gunduma, ba ni na rubuta ba. Ginin nan zai iya ruftawa a kan mutane."

"Shekara goma sha ɗaya ina gaya muku haka."

"To, ga shi mun ji."

Na ajiye kwandona na ce, "Costel, lokacin da nake ɗumama maka miya a kicin ɗin masana'anta ba ka da wannan tumbin, amma kana da kunya."

"Inna Veturia, ki taimaka ki kai shi gida," ya ce, bai ko dube ni ba. Aka danna kwado. Ilarie ya tsaya riƙe da makullinsa wanda ba zai ƙara buɗe komai ba.

Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nasa, shekara arba'in da biyu. Shi mai narka ƙarfe ne har ranar da aka kashe wutar masana'antar, ni kuma mai dafa wa ma'aikata abinci. Cocin Barbara Mai Tsarki kakanninmu ne suka gina shi bayan tashi daga aiki, su suka zuba ginshiƙansa na ƙarfe da ƙararrawarsa. A bangon dama akwai allon ƙarfe mai sunayen waɗanda aikin ya kashe, kuma na biyun ƙarshe Simion ne, wan Ilarie. Da aka gina babban coci a tsakiyar gari jama'a suka koma can, aka bar wa Ilarie makulli da tsintsiya.

Sai wata shekara aka zo aka manna wa ginin allo cewa ya shiga kayan tarihi. Mun yi tafi ranar, don ba mu san ma'anarsa ba. Ma'anarsa ita ce babu mai buga ko ƙusa ɗaya sai da izinin gunduma. Ilarie ya hau ya sauya fallayen rufi uku, aka aiko masa da takardar gargaɗi. Ya rubuta yana neman izini, aka ce ana nazari. Ana cikin nazarin aka karkato da hanyar motocin tsakuwa ta gindin bangon, kullum suna wucewa ginin na rawa, har tsaguwa ta ratsa fuskar Barbara da aka zana a bango, daga goshi zuwa haɓa. Sun hana shi gyarawa, yanzu kuma sun rufe saboda ba a gyara ba.

Ruwa bai ɗauke ba a wannan makon. Kowace safiya Ilarie sai ya je ya ɗora bulo ƙarƙashin tagar gefe, ya hau, ya leƙa.

"Maƙwabci, me kake kallo? Sauko."

"Bokiti na uku ya cika. Ruwa ya kai ƙafar allon sunaye."

"Kallonka zai kwashe shi?"

"A'a. Amma aƙalla wani ya gani."

Kwana shida yana haka, a na bakwai bai fito ba. Na shiga na same shi kwance da rigar jiya, ƙirjinsa na ƙara kamar ana jan kujera. Likita ta ce sanyi ya kama huhunsa, a kai shi asibiti. Ya ce shi ba ya zuwa ko'ina. Na kira 'yarsa Sanda da ke aikin jinyar tsofaffi a Italiya, na dafa masa romon kaza, ya sha cokali biyu ya ture.

"Gishiri ya yi yawa, Veturia. Shekara talatin kina kashe mu da gishiri."

"Kuma kullum kai ne na farko a layi."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa ya ce, "Ki gaya wa Sanda, kada a kai ni babban cocin nan mai kama da tashar jirgi. A ajiye ni kusa da allon Simion, ko na minti goma ne. A buga ƙararrawa."

"Kai za ka gaya mata, jibi tana nan."

Bai kai jibin ba. Washegari da hantsi ina goge masa fuska ya kama hannuna, sannan ya sake shi.

Sanda ta iso ran Laraba, muka tafi ofishin magajin gari tare da Fada Gherasim. Costel ya tashi ya yi mata ta'aziyya da hannu biyu, ya ce ai Baba Ilarie ginshiƙin garin nan ne.

"Minti goma muke nema," in ji Sanda. "Mutum shida kawai za su shiga da shi."

"'Yar'uwa, da a hannuna ne da tuni. In wani abu ya faɗo, wa za a kama?"

"Zan sa hannu cewa ni na ɗauki alhaki," in ji Fada.

"Doka ba ta san wannan ba, Fada."

Muka fito. Da haka abin ya tsaya, da na haɗiye. Amma ran Alhamis ina shanya kaya na ji motoci sun tsaya a layinmu, ba na tsakuwa ba, ƙanana ne baƙaƙe. Na leƙa sai ga ƙofar cocin a buɗe. Baƙi ne daga babban birni, sun kai ashirin, da mai ɗaukar hoto, Costel a gaba yana nuna musu rufi da yatsa. An kwashe bokitan an jibge su bayan gini don kada su ɓata hoto. Gawar Ilarie na kwance a falonsa, taku ɗari daga nan.

Na tsallaka titi da rigar girki a jikina. Na ji Costel yana cewa gidan tarihi za a yi a wurin, domin girmama ma'aikata.

"Yau rufin ya warke, Costel?"

"Inna Veturia, muna da baƙi."

"Na gani. Kawunansu na ƙarfe ne?" Na juya ga wata mata mai jan gyale da ke rubutu. "Mutumin da ya share ƙasan da kike takawa yana kwance can, gida mai koren ƙyaure. Jiya aka ce mana gawarsa ba za ta shiga nan ba."

Matar ta ce, "Allah sarki," ta dubi Costel. Costel ya ce za a duba. Mai hoto ya roƙe ni in ɗan matsa gefe. Kafin rabin awa sun tafi cin abinci, kwado ya koma inda yake.

Ran Juma'a muka ɗauko shi. Tsofaffin abokan aikinsa suka sauke akwatin a kan kujeru biyu a bakin ƙofar, Fada ya yi addu'a a tsaye a kan titi. Sau huɗu yana katsewa don motar tsakuwa ta wuce. Igiyar ƙararrawa tana ciki, don haka ba a buga ba. Sanda ta ɗora tafinta a kan ƙyauren, ta daɗe, sannan ta ce a ɗauka.

A maƙabarta muka tarar ofishin magajin gari ya aiko da furanni, sun fi na kowa girma, da farin ƙyalle mai rubutun ruwan zinariya. An rubuta Ilie maimakon Ilarie. Sanda ta karanta, ta kwance ƙyallen ta miƙo mini, na cusa a aljihu.

Bayan an raba dafaffiyar alkamar sadaka mutane sun watse, na koma gida. Kurangar inabin Ilarie ta saki daga kan katangarmu, reshe ɗaya na jan ƙasa ta ɓangarena, ya riga ya fara toho. Na nemi igiya ban samu ba. Na ciro ƙyallen, na juya rubutun ciki, na ɗaure reshen da shi.