Miskini Na Goma

Ladan ya rantse da Allah a kan abin da ba ya hannunsa, kuma ni na zuga shi.

A shekarar 'yancin kai muka zo New York, direbobin ofishin jakadanci, ɗakinsa na kallon nawa a unguwar Harlem. Nan ya saba da tuƙi ta hannun dama, a gida kuwa hagu ake bi. Duk sanda matarsa Rabi'atu ta tayar da zancen komawa Kano, sai ya ce hannunsa ya riga ya juya.

Rannan na ce, "Ƙarya kake, daɗin Amurka ne ya riƙe ka."

Ya ce, "Wallahi, shekarar da Najeriya ta koma dama, a shekarar zan koma."

Muka yi ta dariya. Wa zai juya ƙasa guda?

A saba'in da biyu aka juya ta.

Labarin ya same shi a kwance da ciwon zuciya, likita ya ce kar ya hau jirgi ko a mafarki. Ya aika aka kira ni.

"Jibrin, ba zan mutu da rantsuwa a wuya ba. Kaffara ce, ciyar da miskinai goma. Kai ka jawo, kai za ka ɗauki tukunya."

Rabi'atu ta tuƙa tuwon shinkafa da miyar kuka, ta zuba yaji kamar tana fushi da wani. Na ɗauka na nufi titin 125.

Wanda bai taɓa neman miskini a Harlem ba bai san wahala ba. Ga su nan, amma ka ce wa mutum matalauci ne, sai ya nemi naushinka. Wata tsohuwa ta leƙa miyar ta tambaya ko fenti ne. Wani ya nemi cokali, na ce ya wanke hannu kawai. Ya ci yana hawaye, ya ce a ƙara masa. Da la'asar na samu tara, sanyi ya koro ni gida da sauran kwano ɗaya na tuwon.

Ladan ya ce, "Nawa?"

"Tara. Gobe na cika."

"Wa ya ba ka goben?" Ya dube ni daga sama har ƙasa. "Ɗaga ƙafarka."

Na ɗaga. Takalmin ya huje, kwalin da na cusa ya leƙo.

"Alhamdu lillahi, ga na goma. Zauna."

"Ni? Ni da nake tuƙa jakada?"

"Motar taka ce?"

Rabi'atu ta toshe baki da mayafi ta ce, "Malam Jibrin, ci mana, kar ya huce."

Ni mutum ne da ban taɓa roƙon ko goro ba. Amma na zauna a ƙasa gaban gadonsa na cinye tas, yana kallo yana dariya, har tari ya sarƙe shi. Da na gama ya ce, "To, na sauke," ya juya ya yi barcinsa.

Ranar Juma'a ya cika, bayan sallar azahar.

Rabi'atu ta koma Kano ita kaɗai, amma sai da ta ba kowa labari kafin ta tafi. Yau har yaran da ba sa jin Hausa Na Goma suke kira na, kuma ina amsawa. Kwanon ta bar min shi. Yana nan bakin taga, a kife.