Ɓawon Burodi a Allon Kwamfuta

Shekara shida ina gyaran hotunan abinci, kuma ban taɓa mayar da aiki na ce ya fi ƙarfina ba. A kawo mini hoton kifi da ya fito fari fat kamar bai ga wuta ba, in zauna gaban kwamfuta in sa masa layin gashi da ƙyallin mai, mai kallo ya haɗiye yawu. Don haka da wata mai gidan burodi ta turo mini hotuna goma sha biyu da mijinta ya ɗauka da waya, ta ce tana son su a allon tallan sabon shagonta kafin ƙarshen mako, ban yi wata-wata ba na ce ta ɗauka an gama.

Hotunan kam sai a hankali. Hasken waya ya shafe komai, burodin ya fito sumul kamar sabulun wanka. Na buɗe manhaja, na rage hasken, na yayyafa garin fulawa a sama, na ɗora tururi kaɗan. Sauran tsagar ɓawo. Ina da wani hoton bangon ɗaki da fentinsa ya tsattsage, na yanko tsagar na shimfiɗa a kan burodin, na rina ta ruwan ƙasa. Kafin azahar na gama takwas, ina kallonsu ina jin daɗin kaina.

Ranar ce Kawu, yayan mahaifiyata, ya zo cin abincin rana. Shekara talatin ya yi a bakin tanda kafin bayansa ya sa shi ya ajiye aiki, har yau gashin hannunsa bai sake tsirowa ba. Ya leƙo ɗakin aikina da faranti a hannu, sai na juya masa allon kwamfutar don ya yaba.

Ya daɗe yana kallo yana tauna. Can ya tambaye ni ko mai burodin ta yi mini wani laifi ne.

"Me ka gani, Kawu?"

"Wannan bai taɓa shiga tanda ba, 'yar nan. Burodi ba ya tsagewa ta ko'ina. Inda wuƙa ta bi a kwaɓin, nan yake buɗewa, gefe ɗaya ya ɗago kamar kunne, kuma bakin kunnen ya fi ko'ina duhu. Naki kuwa kamar diddigen tsoho."

Na gaya masa daga inda na samo tsagar. Ya yi dariya har ya ajiye farantin, ya ce ashe bango nake shirin ciyar da mutane. Raina ya ɗan sosu, amma na san hannuna, abin da ya rage mini shi ne idon da ya san burodi, ga shi kuma a zaune cikin ɗakina. Na kira matar na tambaye ta ƙarfe nawa suke fitar da na safe.

Washegari muka je tare da shi. Shagon ɗan ƙarami ne, tandar a baya, tebur mai ƙarfe a tsakiya, fulawa har kan makunnin fitila. Kawu ya bi tiren burodin da ido, ya zaɓi guda uku, ya ƙwanƙwasa gindin kowanne da yatsa yana saurare. Ni kuma na kai su bakin taga inda haske ke shigowa ta gefe, na matso da kyamara har tururi ya rufe gilashin. Na ɗauki kunnen, na ɗauki ƙananan ƙurajen da ke jikin ɓawon, na sa aka raba ɗaya da hannu na ɗauki ramukan cikinsa.

Mai shagon ta so in ƙara masa sheƙi kamar an shafa man shanu. Na ce mata a'a, duk wanda ya ga sheƙi a allo zai neme shi a leda, kuma burodinta ba ya bukatar aro. Ta kalli Kawu, ya gyaɗa kai, maganar ta mutu a nan.

Na koma gida na share aikin jiya gaba ɗaya. Ɓawon gaskiya na ɗora a kan hotunan mijinta, ina bin inuwa a hankali, ina barin ƙonon da ke gefe yadda yake. Kwana ɗaya da rabi na gama. Da aka kafa allon, ta turo mini saƙo cewa mai gasa mata burodi ya tsaya a gabansa ya nuna ɗaya ya ce shi ya yanka wannan, ya gane hannunsa.

Tun daga nan Kawu yake zuwa duk Talata, kuma ba na tura aiki sai ya gani. Makon jiya hoton soyayyen ƙwai ya mayar mini, wai gefensa bai yi kama da wanda ya taɓa kasko ba. Na duba da kyau, na ce masa wannan karon ban taɓa komai ba, haka mai abincin ya soya shi. Sai ya ce to in ba shi lambar wayar mutumin.