Kujerar Baba Jafta

"Inna Mieta, zo ki kama min ƙafafunsa, motar baƙi ta taho!"

Doortjie ce, maƙwabciyata, take ƙwala min kira ta kan shinge, tana cicciɓe da mahaifinta. Na shiga na kama. Baba Jafta ya zama ƙashi da fata. Muka dasa shi a kujerarsa ta ƙofar gida, ta kifa masa hula, ta goge masa yawu da gefen rigarta.

"Ki bar ni in kwanta, 'yar nan," ya ce. "Ƙirjina."

"Ka kwanta mu koma kwana a titi? Zauna, Baba. In sun wuce ka kwanta har ka gaji."

Kada ku yi saurin zaginta, ni na riga ku, kuma bai yi maganin komai ba. A gonar inabin nan gida na mai aiki ne, ranar da ya daina amfani iyalinsa su tattara komatsansu. Baba Jafta ya ajiye almakashin datsa tun da hannunsa ya fara rawa, amma Lourens, ɗan mai gona, ya samo masa wani aikin. Hotonsa ne a jikin kwalbar giya mafi tsada, wadda ake matsa daga tsofaffin itatuwan inabin da ya dasa yana saurayi. Saboda haka kullum sai an kawo baƙi su ga mutumin kwalba da ransa. Albarkacin fuskar nan Doortjie da 'ya'yanta suke da rufi a kansu.

Tarakta ta tsaya, tana jan keken baƙi, kowa da kofinsa a hannu.

"Ga tarihinmu!" in ji Lourens. "A gonar nan aka haifi kakansa. Baba Jafta, ɗaga musu hannu mana."

Bai dai gaya musu cewa da gwangwanin giya kakansa shi Lourens ɗin yake cika wa ma'aikata lada ba, safe da yamma, har hantar Baba Jafta ta lalace. Wannan tarihin ba ya sayar da kwalba.

Baba Jafta bai motsa ba. Doortjie ta tsugunna bayan kujera, ta tallabi gwiwar hannunsa ta ɗaga. Baƙi suka tafa. Wata mata ta sauko ta dafa kafaɗarsa aka ɗauke su hoto, tana cewa, "Wayyo, barci yake, abin sha'awa!"

Ni kuwa ƙuda nake kallo. Ya sauka a gefen idon tsohon, yana ta yawonsa, idon bai ƙifta ba. Nan na gane. Doortjie ma ta ji a hannunta, na gani a fuskarta, amma ba ta sauke ba sai da tarakta ta sha kwana.

"Doortjie," na ce, "Babanki ya tafi."

"Ba ki ga komai ba, Inna. Akwai wata motar da yamma."

"Ke! Ba kya tsoron Allah?"

"Allah ba zai kore ni daga gida ba. Lourens zai kore ni. Bar ni in samu ko wuni ɗaya in yi tunani."

Ta sauko masa da hular har kan hanci, ta rufe masa ƙafafu da bargo. Na tsane ta a lokacin, na kuma tausaya mata. Motar yamma ta zo, aka tafa, ta wuce.

Lourens ya yi kuka a wurin binnewa, kukan gaske, har da majina. Ya kawo akwatin giyar kyauta. Sannan ya ja Doortjie gefe ya ce ta zauna abinta har a gama girbi, ba gaggawa.

Yanzu tana bayan gari a ɗakin kwano, ita da yaran. Gidan an yi masa sabon farin fenti, baƙi ke kwana a ciki, ana kiransa Ɗakin Jafta. Ni aka ba wa aikin share shi.

Kujerar tana nan a ƙofa inda muka dasa shi. Kowace safiya nakan kaɗe hular in mayar da ita kan kujera, domin baƙi suna son sawa su ɗauki hoto.