Katin da Ya Zauna Cikin Tangaran

Gamaliel ma'aikacin gwamnati ne a Abuja, irin waɗanda Abuja ta yarda su yi mata aiki amma ba ta yarda su kwana a cikinta ba. Shi ya sa ya gina gidansa a Keffi, a Gangaren Tudu, kullum yana ratsa cunkoson Mararaba zuwa wata ma'aikata inda yake kula da kwamfutoci. A ofis babu mai tunawa da shi sai ranar da firinta ta ƙi aiki. A gida yake da cikakken iko, ikon nan kuma ya tattara shi kaf a kan wata tsohuwar kwamfuta da ya girke a lungun falo, bayan talabijin.

Ba a rubutu da ita, ba a kallon fim da ita. Aikinta ajiya. Abokan aikinsa "saba" suke ce wa irinta da Turanci, shi kuwa rumbu yake kiranta. Faya-fayan ajiya huɗu ne a cikinta, duk an haɗa su da waya zuwa wani koren kati mai faɗin tafin hannu. Katin ne mai rabon aiki: duk abin da aka ajiye, shi zai yanyanka shi ya rarraba a kan faya-fayan, yadda ko ɗaya ya mutu sauran za su riƙe. Gamaliel ya sha yi wa matarsa Magdalena wannan bayani. Abin da ta ɗauka a ciki shi ne rumbun yana shanye wutar inbata da ya kamata a bar wa fanka.

A cikin rumbun akwai takardun makarantar 'yarsu Vera, da hotunan bukukuwan da yawancin ma'auratan cikinsu sun daina gaisawa. Akwai kuma muryar Mama Susana, mahaifiyarsa, wadda ta rasu bara. Mama ta yi shekaru tana ba da waƙa a Zumuntar Mata. Waƙoƙinta na Hausa da na yaren Mada, da dogayen addu'o'inta, a da a warwatse suke cikin kaset-kaset da wayoyin dangi. Bayan jana'iza Gamaliel ya bi gida-gida ya tattaro su, ya zuba a rumbu. Kaset ɗin da ma danshin damina ya fara cinsu, aka zubar. Dangi kuwa shi da bakinsa ya ce musu duk mai neman wuri a wayarsa ya goge, komai yana hannun masani. Suka ji maganarsa, abin da ba su taɓa yi ba a kan wani batu.

Da rumbun ya cika, sai ya zama dole a ƙara faya-fayai. Tsohon kati bakuna huɗu gare shi, duk a toshe. Gamaliel ya samo sabo mai bakuna takwas a wata kasuwar kayan kwamfuta a Abuja, na wani kamfani daban, a cikin leda mai ƙyalli, ya haɗo da sababbin faya-fayai. Ranar Asabar da hantsi ya shimfiɗa jarida a tsakar falo, ya kwance kwamfutar, ya zare tsohon ya cusa sabon. Yana ɗaure ƙusa ta ƙarshe aka ɗauke wuta. Batirin inbata kuwa tun asuba fanka ta shanye shi, ta rama abin da rumbu yake ci mata.

A daidai nan Malam Zailani ya yi sallama. Maƙwabcinsa ne na katanga ɗaya, tsohon malamin firamare mai shagon kayan masarufi a ƙofar gida, kakanninsa suna Keffi tun Abuja tana dajin farauta. Mutumin kirki ne mai lalura guda: ba ya iya ganin an zubar da abu. Zaurensa cike yake da ƙofar firji, da kujeru masu ƙafa uku, da bakin fanka babu fiffike. In Gamaliel yana hira da matarsa, gidan tarihi yake kiran zauren.

"Injiniya, tiyata ake yi?" in ji Zailani.

"An gama, Malam. An cire tsohuwar zuciya, an sa sabuwa."

"To ita tsohuwar fa?"

Niyyar Gamaliel ya jefa katin a kwandon shara. Amma ga maƙwabci a tsaye yana kallonsa kamar ɗan akuyar da za a yanka, kuma ba a miƙa wa dattijo abu a ce masa ga shara. Kyauta ko ta ƙusa ce sai an sa mata riga. Sai Gamaliel ya ɗaga katin wajen hasken taga.

"Wannan ba ƙaramin abu ba ne, Malam. Ka ga haƙoran nan na ƙasa? Ruwan zinari ne. A zamaninsa sai manyan bankuna ke riƙe irinsa. Ba kowa zan ba ba."

Ya zura shi cikin ledar nan mai ƙyalli da sabon ya zo a ciki, ya miƙa. Zailani ya karɓa da hannu biyu. Washegari Zubaidatu, matar Zailani, ta aiko da kwanon masa da miyar taushe na godiya. Aka cinye, aka wanke kwano, aka mayar. Kyauta ta tabbata ke nan, tunda har shaidarta ta shiga ciki.

Wuta ta yi kwanakinta ba ta dawo da ƙarfin kirki ba, Gamaliel kuma yana fama da hanyar Abuja. Sai wata Asabar ɗin ya samu ya kunna rumbu. Fanka ta juya, fitilu suka kama. Sabon kati ya ga faya-fayan nan huɗu sarai, amma kallon baƙi ya yi musu. Ya rubuto a allo, cikin ladabi, cewa ya sami faya-fayan da bai san tsarinsu ba, ko a share su a shirya su sabo?

Yatsan Gamaliel yana kan maɓalli lokacin da ya tuna abin da shi kansa yake koya wa sababbin ma'aikata a ofis. Kowane kamfani da irin yankan katinsa. Abin da tsohon kati ya yanyanka ya rarraba, shi kaɗai ko ɗan'uwansa na jini ke iya harhaɗawa. Ya janye hannun a hankali, ya sa shi a aljihu don kada ya yi abin kansa.

Ya kira masu sayar da kayan a Abuja. Ɗaya ya ce an daina yin irin wannan kati tun yana koyon sana'a. Ɗaya ya ce za a samo, a ba shi wata guda, da irin muryar da ke nufin shekara. Yana ajiye waya ƙanwarsa Judit ta kira daga Akwanga. Gobe Lahadi ne sujadar tunawa da Mama, ta ce fasto ya yarda a sa waƙarta bayan wa'azi, matan zumunta har sun ɗinka anko.

"Yaya, komai yana nan ko?"

"Yana nan," in ji shi. Bai yi ƙarya ba. Komai yana nan, kamar hatsi a rumbun da aka toshe ƙofarsa da siminti.

Magdalena ta saurari bayanin tana tsinke alayyafo. Karon farko ke nan da ta bari ya kai ƙarshe.

"Baban Vera, katanga ɗaya ce tsakaninmu. Je ka karɓo."

"Kyauta na ba shi."

"To?"

"Mun ci masa."

"Kai dai ka ci. Ni miyar na lasa." Ta zubar da kara a faranti. "Zaɓi ɗaya: ko ka ji kunyar Malam yau, ko ka ji ta matan zumunta gobe. Su kuma ka san da ganga suke zuwa."

Ba kunya kaɗai ke cinsa ba. Shi ne ya ce akwai zinari a jikin abin. Masu sayen ƙarafa suna zagaya unguwa da kura kullum, wa ya sani ko Malam ya riga ya gwada sa'arsa? In ma bai sayar ba, rufin zauren nan yana yoyo. Gamaliel ya ga katin a ransa, kwance ƙarƙashin ƙofar firji, tsatsa tana cin muryar uwarsa.

Bayan la'asar ya sami Zailani a bencin ƙofar shago. Ya gaishe shi. Ya tambayi iyali, ya tambayi kasuwa, ya zagi masu wuta, ya yi ta'aliƙi a kan masu sayen filaye daga Abuja da suka sa ko kangon akuya ya zama fuloti. Ya sake tambayar iyali.

"Injiniya," in ji Zailani, "yanzu ka tambaye ni lafiyar tumaki. Ni kuwa tun da ka san ni ban taɓa kiwo ba. Me ya faru?"

Gamaliel ya kasa cewa a ba shi. Sai ya ba da labari kawai, yana kallon kwalayen sabulu: yadda ya tattara muryar Mama, yadda ya sa dangi suka goge tasu, abin da sabon kati ya ce, da abin da ake jira gobe a coci.

Zailani ya dubi katangar da ke tsakaninsu. Ya san Mama Susana. Shekarunta na ƙarshe a gidan Gamaliel ta yi su, waƙarta ta safe tana tsallako katanga ta same shi yana buɗe shago.

"Wato katina ne kaɗai ya san hanya," ya ce.

"Katinka, Malam."

"Ka san abin da aka ba ni ba na mayarwa. Mutane sai su ce na raina." Ya gyara hularsa. "Amma ina ba da aro, in mutum sananne ne a unguwa."

Bai nufi zaure ba. Cikin gida ya yi sallama, ya ce wa matarsa, Maman Akram, ga Injiniya. Aka shigar da Gamaliel falon Zubaidatu, inda bai taɓa shiga ba. A jikin bango akwai kabad mai gilashi, cike da tangaran na aurenta waɗanda ba a taɓa cin abinci a cikinsu ba. A tsakiya, jingine da babban faranti mai furanni, ga leda tana ƙyalli.

"Malam ya ce abin banki ne, da zinari a jikinsa," in ji Zubaidatu tana neman makulli a bakin zanenta. "Na ce to ba zai kwana da ɓerayen zaure ba." Ta miƙo shi. "Baban Vera, a dawo mini da ledar. Ita ta fi kyau."

Zailani ya biyo shi gida, ya ce ba ya barin kayansa su yi aiki ba ya wurin. Ya zauna a kujera ya harɗe hannu. Gamaliel ya zare sabon kati, ya mayar da tsohon gurbinsa, ya jona wayoyi huɗu. An yi sa'a akwai wuta. Ya kunna. Katin ya yi ƙara ɗaya siririya, fitilun faya-fayan suka kama bi da bi, sannan sunayen ajiya suka jeru a allo kamar ba su taɓa zuwa ko'ina ba.

Ya danna na farkon da hannunsa ya kai. Ba waƙa ba ce, addu'ar safe ce. Muryar Mama ta cika falon, da 'yar shaƙewar nan tata. Magdalena ta fito daga kicin da ludayi a hannu ta tsaya a bakin ƙofa. Mama ta roƙa wa Vera natsuwa, ta roƙa wa Judit haƙuri da miji, ta roƙa wa Gamaliel ya rage jin cewa ya fi kowa sani. Sannan ta tsallaka katanga.

"Ya Ubangiji, ka tuna da maƙwabcinmu Malam Zailani, mutumin kirki. Ka ba shi zuciyar zubar da tarkacen zaurensa, kafin maciji ya shigo mana."

Zailani ya saurara har ta ce amin.

"Allah ya saka mata," ya ce. "Amma gara da ba a amsa wannan ba."

Gamaliel ya yi dariya, dariyar ta juye ta zama wani abu, ya sunkuya yana gyara wata waya da babu abin da ya same ta.

Kafin magariba ya kwafe muryar Mama kaf a kan ɗaya daga cikin sababbin faya-fayan, a tsarin da kowace kwamfuta za ta karanta ba sai da izinin wani kati ba. Ya tura wa Judit waƙoƙin a waya, ya ce ta raba wa duk mai so. Ta tambaya ko ba shi ne ya ce a goge ba. Ya ce layin ba ya da kyau.

Ranar Lahadi aka sa waƙar bayan wa'azi. Matan zumunta suka amsa mata amshi kamar tana tsaye a gabansu, aka yi kuka daidai gwargwado, aka ci shinkafa. A cikin makon ya kwashe sauran ajiyar gefe, ya sa sabon kati, ya bar shi ya share faya-fayan yadda ya so tun farko, ya mayar da komai. Rumbu ya sami bakuna takwas, ya ci gaba da shan wutar fanka.

Da ya je mayar da aro, abu biyu ya riƙa. Ya miƙa wa Zubaidatu katin a cikin ledarsa. Ya miƙa wa Zailani wani faifai naɗe a tsumma mai tsabta.

"Wannan kuma na wane banki ne?" in ji Zailani.

"Muryar Mama ce. Ajiya na kawo, Malam. Na duba unguwar nan, ban ga inda abu ya fi tsira ba."

Zubaidatu ta matsar da wata butar shayi, ta jingina faifan kusa da katin, ta kulle gilashi. Gamaliel ya yi godiya, ya sake yi, har Zailani ya ce ya isa haka, kada a ɗauka bashi ya zo nema. Ya rako shi ta zaure, suna raɓawa ta gefen ƙofar firji.

"Injiniya, kwalin da sabon katin ya zo a ciki, ka zubar?"

"Yana nan, Malam," in ji Gamaliel. "Har da soson cikinsa. Bari in kawo maka."