Sai Injin Ya Huce

Motar ta tsaya a ƙofar gidan amma ba ta yi shiru ba. Hamuda yana zaune a ciki, hannu ɗaya a kan sitiyari, ɗayan a kan makulli, yana kallon ƙofar langa-langar gidan mahaifinsa.

Tun daga Hasahisa yake taka wannan boksin, akori-kurar maigidansa Alhaji Ibrahim Khalil. Yana kan hanyar dawowa da buhunan albasa yayarsa Ruƙayya ta bugo waya. Ta ce jikin Baba ya yi tsanani, tun safe yake kiran 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya yana yafe musu, har ya ce, "Wancan ma a kira shi." Hamuda bai sake ɗaga ƙafarsa daga kan totur ba. Ya ratsa Alshajara yana danna ham, ya haye gada zuwa Omdurman, ya shigo Dar Salam da rana tsaka, injin yana ƙauri.

Baba Dogo tsohon matsinkin auduga ne a Jazira, mutumin da ba ya wahalar da muryarsa idan hannunsa yana kusa. Ranar da ya ɗaga hannun a kan uwarsu, Hamuda yana saurayi, sai ya riƙe masa wuyan hannu. Riƙewa kawai ya yi. Tsohon ya ce ba zai yafe masa ba duniya da lahira. Uwar ta rasu, Hamuda ya yi teɓa ya yi sanƙo, maganar tana nan. Kowace Juma'a yakan kawo sukari da magani. Tsohon ya sha maganin, ya zuba sukarin a shayi, ya ƙi amsa sallama.

To ga shi an kira shi, ya kuma iso da rai a jikin tsohon. Saura ya murɗa makulli ya shiga. Sai dai boksin mai turbo ne, na'urar nan da ke ƙara wa inji ƙarfi. Ranar da aka miƙa wa Hamuda makullinsa, Usta Almahdi bakanike ya ɗora masa mataccen turbo a tafin hannu, baƙi ƙirin kamar ƙonannen kifi. Ya ce abin nan idan an yi gudu ja yake yi don zafi, baƙin mai ne ke ratsa shi yana sanyaya shi. Ka kashe injin nan take, man ya tsaya cak, ya soye a ciki, ya zama gawayi. Sai a bar injin yana aiki a tsaye har ya huce. Lawal, direban da ya gabace shi, bai yi wannan haƙurin ba, shi ya sa yanzu yake tura baro a kasuwa. Hamuda ya riƙe darasin nan fiye da yadda ya riƙe wasu surorin.

Ƙofar ta buɗe da ƙara. Ruƙayya ta fito, mayafinta a karkace.

"Me kake jira? Fito!"

Ya sauke gilashi. "Yaya, ga ni nan. Injin ne, sai ya ɗan huce."

"Sai me?"

"In na kashe shi a haka zai ƙone. Yanzun nan."

"To ka bar shi a kunne ka shigo."

"A layin nan? Kafin in gama sallama ɓarayi sun kai ta Kurdufan da albasarta."

"Ba ni wuri in zauna, ni zan kashe maka."

"Ba ki san sautin ba, Yaya."

Ta tsaya tana kallonsa, irin kallon da take yi masa tun yana fitsarin kwance. "Ubanka yana mutuwa, kai kana sauraren sauti."

Ta koma ciki. Hamuda ya dubi allurar zafi, ya dubi ƙofar. Mintunan ba su da yawa, ya sani. Ya kuma sani cewa tun daga kan gada bai shirya abin da zai ce ba. Iskar na'urar sanyi tana busa masa fuska. Da ƙarar injin ta sauka ta yi laushi, ya murɗa makulli, ya kulle ƙofofi, har ya ja hannun ƙofar don ya tabbatar.

An ajiye angarib ɗin tsohon, gadon igiyar da yake kwana a kai, a jikin bangon da ke kallon titi. Bangon jan laka ne, kaurinsa bai fi taki ba. Hamuda yana shiga ya gane cewa hancin boksin yana bayan kan mahaifinsa daidai. Ƙannensa suna zazzaune a tabarma, babu wanda ya ɗago.

Ya durƙusa. "Baba, ga ni."

Tsohon ya ƙanƙance har igiyar gadon ba ta lotsa ba. Idonsa na kan rufi.

"Ta huce?"

"Baba..."

"Motar nake tambaya. Ta huce?"

"Ta huce, Baba."

"Alhamdu lillahi. Dukiyar mutane amana ce." Ya yi tari, Ruƙayya ta goge masa baki. "Na ɗauka injin niƙa aka kawo mini. Aka ce a'a, ɗanka ne yake jinyar mota a waje."

Wani ƙaninsa ya toshe baki da hannun riga.

"Baba, ka yafe mini. Don Allah, don Annabi."

"Ruƙayya, a kai wa baƙuwar ruwa, daga nesa take." Ya lumshe ido, ya sake buɗewa. "Ku shaida. Motar nan ta girgiza mini kai, ta cika mini ɗaki da hayaƙi. Na yafe mata duniya da lahira. Ita ba ta da hannu."

Ya juya fuskarsa bango.

Bai mutu a ranar ba. Ya kai washegari yana magana sarai. Ya yafe wa maƙwabcin da akuyarsa ta cinye masa shuka, ya yafe wa mai shayin bakin titi da ke tsinka masa madara, ya yafe wa wani mai gona a Jazira wanda ya daɗe da zama ƙasa. Hamuda yana zaune a ƙarshen gadon yana matsa masa ƙafafu, tsohon kuma bai janye su ba, domin matsar tana yi masa daɗi. Duk lokacin da ya buɗe baki Hamuda yakan tsayar da hannu ya saurara. Sau ɗaya ruwa ya nema, sau ɗaya ya ce a kori ƙuda. Ana kiran la'asar ƙafafun suka yi nauyi a hannunsa.

Bayan an dawo daga maƙabarta Ruƙayya ta tare shi a bakin madafa, tana riƙe da tiren kofuna.

"Da ya ji tsayuwar motarka, cewa ya yi in tashe shi zaune in sa masa hula," ta ce. "Na tashe shi. Ina riƙe da bayansa, yana kallon ƙofa, har wuyansa ya gaji. Na ce gara ka sani."

Ta miƙa masa tiren ya kai wa maza.

An kafa rumfar makoki ta tare layin. Labarin ya riga Hamuda zama a cikinta. Yana ganin yadda masu ta'aziyya ke ɗaga tafin hannu su karanta Fatiha, sannan idonsu ya zame zuwa boksin da ke gefe, albasa tana dahuwa a bayansa. Can wani ɗan uwansu daga Alhilla Kuku, Salahuddin, mai jigilar fasinja, ya shafa addu'a, ya jawo kujera kusa.

"Allah Ya jiƙan Baba. Ya zol, bawan Allah, wai da gaske ne abin da ake faɗa? Domin tawa ma mai turbo ce, kuma ni ina tsayawa nake kashewa."

Hamuda ya binciki fuskarsa yana neman ba'a, bai samu ko ɗigo ba. Mutumin tsakani da Allah yake tambaya.

"Kana kashe ta a hankali ke nan," ya ce. Muryarsa ta fito daidai, abin ya ba shi mamaki. "Ya danganta da tafiyar. In cikin gari ne, ba komai. In ka yi doguwar hanya da kaya, ka bar ta a kunne. Ka saurara. Za ka ji ƙarar ta sauka da kanta."

"In kuma mutum yana sauri fa?"

"Ba ruwanta da saurinka."

Salahuddin ya jinjina kai, ya ce Allah Ya saka da alheri. Wasu mutum biyu suka jawo kujerunsu, ɗaya yana tambaya wane irin mai ya fi. Hamuda ya ajiye kofin shayinsa a ƙasa, ya soma yi musu bayani.